Fashin baƙi: Bangaskiya, biyayya da baftisma, me ya kamata mai wa'azi ya koyar?

Idan mutum ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, ajali ya riske shi kafin a yi masa baftisma, ina matsayinsa? Wanda aka yi wa baftisma yana jariri a Katolika, ya girma ya koma cocin ECWA ko na Baptist, dole ne a sake yi masa? Shi kuma wanda aka nutsar a ruwa gaban jama'a, katinsa na baftisma yana ajiye cikin akwati, amma har yau mudunsa a kasuwa ba ya cika, shi fa?

Tambayoyin nan ba sa tsufa a tsakanin Kiristocin Sakkwato. Suna tasowa idan an buɗe ajin baftisma gabanin Ista ko Kirsimeti, suna tasowa wajen shirin aure, suna tasowa a zaman makoki. Yanzu kuma waya ta ƙara musu wuta. A zauren WhatsApp na matasan coci wani zai turo guntun bidiyon mai wa'azin da ke cewa alheri ya gama komai, kada kowa ya dame ka da zancen biyayya. Kafin a gama kallo, wata ta turo na wanda ke rantsuwa cewa duk mai hana zakka ba zai ga mulkin sama ba. Na uku ya zo da nasa: wanda ba a nutsar da shi da sunan Yesu kaɗai ba, wanka kawai ya yi. Kowannensu riƙe da ayarsa. Mai sauraro sai ya rasa tudun dafawa.

Abin ya fi tsanani a gari irin namu saboda yadda muka taru. Akwai mutanen ƙasar Zuru da Yawuri, akwai na kudancin Kaduna da Filato, akwai Ibo da Yarbawa 'yan kasuwa, sojoji da iyalansu a barikin Giginya, ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ga kuma Hausawan da aka haifa cikin bangaskiyar ko suka shigo daga baya. Kowa ya zo da koyarwar cocin garinsu. Mu kuma 'yan tsiraru ne, dole mu auri juna, mu binne juna, mu zauna taron CAN, ƙungiyar Kiristocin Najeriya, tare. Saɓanin da a wani gari zai tsaya a bakin malaman tauhidi, a nan har cikin ɗakin aure yake shiga.

## Abin da ake nufi da kowannensu

Bangaskiya ba yarda da cewa akwai Allah ba ce kawai. Yakubu 2:19 ya ce aljanu ma sun gaskata haka, har suna rawar jiki. Bangaskiyar da Sabon Alkawari yake magana a kai ita ce mutum ya ji labarin Yesu, mutuwarsa da tashinsa, ya yarda gaskiya ne, sannan ya jingina ransa a kansa, ya daina dogara da nagartar kansa. Kamar guga take. Guga ba ya ƙirƙiro ruwa, ruwan na rijiya ne, shi dai ya sauka fanko ya hau cike. Shi ya sa wa'azin da ke cewa "ƙara bangaskiyarka ka samu mota, ka samu biza" ya kauce tun daga tushe: ya mai da hankalin mutane kan girman gugansu, ya manta da rijiyar.

Biyayya ita ce aikata abin da Almasihu ya umarta. Shi da kansa ya dunƙule umarnin a Matiyu 22:37-40, ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci, ya kuma ce a Yahaya 14:15 mai ƙaunarsa zai kiyaye umarnansa.

Baftisma kuwa wanka ne da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, wanda da shi ake karɓar mutum cikin ikilisiya. Sau ɗaya ake yi. Ba tsarkin da ake maimaitawa kafin kowace ibada ba ne, ba kuma wankan magani ba ne na karya sammu ko kore rashin sa'a, ko da yake akwai masu zuwa nemansa da wannan tunani.

## Bulus ya ce ba da ayyuka ba, Yakubu ya ce da ayyuka

Nan ne tushen yawancin gardamar. Romawa 3:28 ta ce ana kuɓutar da mutum ta wurin bangaskiya, ba ta ayyukan Shari'a ba. Afisawa 2:8-9 ta ce ceto kyauta ne daga Allah, ba daga ayyuka ba, don kada kowa ya yi fahariya. Sai ga Yakubu 2:24 yana cewa ta wurin ayyuka ake kuɓutar da mutum, ba ta bangaskiya kaɗai ba. Wanda ya jera ayoyin nan haka tsirara zai ce manzannin sun yi karo.

Abin lura shi ne, dukansu biyu aya ɗaya suka kafa hujja da ita, Farawa 15:6, inda Ibrahim ya gaskata Allah aka lissafta masa adalci. Bulus a Romawa 4 ya tsaya kan lokacin: an lissafta wa Ibrahim adalci tun bai yi kaciya ba, domin kaciyar sai a Farawa 17 ta zo. Yakubu ya tsallaka gaba zuwa Farawa 22, ranar da Ibrahim ya ɗora Ishaku a kan bagade, ya ce a nan ne bangaskiyar ta cika. Ɗaya yana nuna inda abin ya fara, ɗaya yana nuna inda ya kai.

Mutanen da suke yi wa magana ma ba ɗaya ba ne. Bulus yana fama da waɗanda suka ce wa al'ummai sai sun yi kaciya sun ɗauki Shari'ar Musa kafin su zama na Almasihu, rigimar da ta kai ga taron Urushalima a Ayyukan Manzanni 15. Yakubu kuma yana fama da mutumin da zai ga ɗan'uwa ba sutura ba abinci, ya ce masa "sauka lafiya, Allah ya rufa asiri", bai ba shi ko loma ba. Da Bulus ya haɗu da wannan mutum, da abin da Yakubu ya faɗa zai faɗa masa. Hujja kuwa, duba aya ta 10 ta Afisawa 2, wadda masu wa'azi da yawa kan rufe Littafi kafin su kai gare ta: an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka. Wasiƙar Romawa, wadda ake ɗauka a matsayin uwar koyarwar alheri, ta buɗe da zancen biyayyar bangaskiya a 1:5, ta rufe da shi a 16:26. A tsakiya kuma, a sura 6, Bulus ya yi wa kansa tambayar da masu bidiyo suke amsawa da "e": mu ci gaba da zunubi don alheri ya yawaita? Ya ce sam.

Don haka jerin yana da muhimmanci. Allah ne ke fara bayarwa, bangaskiya ta karɓa, biyayya ta biyo baya. Mai wa'azin da ya sa biyayya a gaba ya mai da ceto lada. Wanda ya cire ta gaba ɗaya ya bar mutane da bangaskiyar da Yakubu ya kira matacciya.

## Yadda aka rabu a Turai, da abin da bai iso kunnenmu ba

A 1517 Martin Luther ya tayar da magana kan sayar da takardun sassaucin hukuncin zunubi, abin da ya zama mafarin rabuwar Furotesta da Roma. Takensa shi ne kuɓuta ta bangaskiya kaɗai, har ya taɓa kiran wasiƙar Yakubu wasiƙar ciyawa, ko da yake bai cire ta daga Littafi ba. Majalisar Trent ta Katolika ta mayar da martani a 1547: alheri ne ke farawa, amma kuɓuta ta haɗa da sabunta mutum daga ciki, mutum kuma yana ba da haɗin kai. Aka yi ta la'antar juna ɗaruruwan shekaru.

A ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg na Jamus, Cocin Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu kan sanarwar haɗin gwiwa cewa ta alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, ba don cancantarmu ba, Allah yake karɓar mu, Ruhu Mai Tsarki kuma shi ke kira da shirya mu ga kyawawan ayyuka. Methodist suka shiga a 2006. Sanarwar ba ta share dukan saɓani ba, akwai kuma coci-cocin da ba su amince da ita ba. Amma mai wa'azin da har yau yake tsayawa yana cewa "Katolika sayen ceto suke yi da ayyuka", ko wanda ke cewa "'yan Furotesta ba ruwansu da aiki nagari", yana ba da shaidar zur a kan ɗan'uwansa, wannan kuma shi kansa rashin biyayya ne.

## Shin ruwan yana ceto?

Ayoyin baftisma suna da nauyi fiye da yadda mu 'yan cocin bishara muka saba ba su. Ranar Fentikos Bitrus ya ce a tuba, a yi wa kowa baftisma domin gafarar zunubai (Ayyukan Manzanni 2:38). Hananiya ya ce wa Bulus ya tashi a yi masa baftisma, ya wanke zunubansa yana kira ga sunan Ubangiji (22:16). Romawa 6:3-4 ta ce a cikin baftisma aka binne mu tare da Almasihu. Galatiyawa 3:27 ta ce mun yafa shi. 1 Bitrus 3:21 ma cewa ta yi baftisma tana ceto, sai ta yi saurin ƙarawa: ba wanke dattin jiki ba, sai dai roƙon lamiri mai tsabta a gaban Allah. Wanda ya karanta waɗannan ba zai iya cewa "alama ce kawai, in ka ga dama" da sauƙin da muke faɗa ba.

Ga kuma ɗaya gefen. Ɓarawon da ke kan gicciye bai taɓa ruwa ba, Yesu ya yi masa alkawarin Firdausi (Luka 23:43). Karniliyas da mutanen gidansa sun karɓi Ruhu Mai Tsarki tun Bitrus yana cikin magana, daga baya aka kawo zancen ruwa (Ayyukan Manzanni 10:44-48). Saminu mai sihiri an yi masa baftisma a Samariya, amma da ya zaro kuɗi zai sayi ikon Ruhu, Bitrus ya ce masa zuciyarsa ba daidai take a gaban Allah ba. Markus 16:16 ta haɗa bangaskiya da baftisma wajen ceto, amma da ta zo kan hukunci, rashin bangaskiya kaɗai ta ambata.

In aka haɗa su, abin da ya fito fili shi ne Sabon Alkawari bai san mai bi da ya ƙi baftisma da gangan ba, bai kuma san ruwan da ke ceton zuciyar da ba ta tuba ba. Katolika da Anglican da Lutheran suna cewa Allah yana aiki ta cikin baftismar, yana ba da abin da take nunawa. Baptist da ECWA da yawancin Fentikostal suna cewa shaida ce a fili ta abin da Allah ya riga ya yi a zuciya. Saɓanin na gaske ne. Amma a kan tambayar da ake yi a zaman makoki, bakinsu ya kusa zama ɗaya. Katikismar Katolika da kanta ta ce Allah ya ɗaura ceto da baftisma, amma shi ba a ɗaure yake da sakramentinsa, wato ibadun da ya kafa irin su baftisma, ba, ta kuma koyar cewa ɗan aji da ya rasu yana marmarin baftisma tare da tuba yana samun ceton da bai kai ga karɓa ta ruwa ba. Akwai bambanci tsakanin wanda bai samu ba da wanda ya ƙi. Duk wanda ya je gaisuwar mutuwa ya ce wa uwa ɗanta ya hallaka don ya rasu saura mako biyu a yi masa baftisma, ba koyarwar wata babbar ɗarika yake faɗa ba, tasa ce.

## Jarirai, nutsarwa, da sake baftisma

Masu yi wa jarirai suna kafa hujja da gidajen da aka yi wa baftisma gaba ɗaya, gidan Lidiya da na mai tsaron kurkukun Filibi a Ayyukan Manzanni 16, da alkawarin da Bitrus ya ce naku ne da 'ya'yanku, da kuma Kolosiyawa 2:11-12 da ta jera baftisma da kaciya. Tarihi ma yana taimakonsu: wajen shekara ta 200 Tatuliyan, wani malamin ikilisiya na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya ba da shawarar a jinkirta wa yara, abin da ke nuna ana yi tun lokacin. Masu cewa sai wanda ya yi hankali suna amsawa cewa babu aya ɗaya da ta ambaci jariri a fili, kuma kullum tuba da bangaskiya ke zuwa kafin ruwa. A Janairun 1525 wasu a birnin Zurich suka yi wa juna baftisma suna manya, shekara biyu bayan haka hukumar birnin ta nutsar da ɗaya daga cikinsu, Felix Manz, a kogi har ya mutu. Kiristoci ne suka kashe Kirista a kan ruwa. Ya kamata wannan ya sa kowane mai wa'azi ya sassauta murya idan ya zo nan.

Zancen yawan ruwa bai kai haka nauyi ba. Wani ɗan littafin koyarwa na farkon ikilisiya, Didake, ya ce a yi a ruwa mai gudu, in babu a yi a wani ruwan, in duk babu a zuba a ka sau uku. Mutanen da suka san watan Afrilu a Sakkwato, lokacin da ake sayen ruwan cika kwamin baftisma daga hannun 'yan garuwa, za su gane hikimar. Nutsarwa ta fi nuna binnewa da tashi na Romawa 6, ni ma ita na fi so. 'Yan EYN, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, sau uku suke nutsar da mutum, ta gaba. Babu wanda ya isa ya ce Allah yana auna ruwan da bokiti.

Wanda ya fi nauyi shi ne batun suna. Masu cewa "sunan Yesu kaɗai" sun samo asali ne daga wani reshe na Fentikostal da ya ɓullo a Amurka daga 1913, kuma a ƙarƙashin maganar tasu akwai ƙin koyarwar Triniti, wato Allah ɗaya cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Wannan ba gardamar salo ba ce, ta shafi wane ne Allah, shi ya sa yawancin coci-coci ba sa karɓar wannan baftisma.

Duk waɗannan a shirye suka iso mana. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda mutanenta na farko suka sauka Legas a 1893, ta samu gindin zama a nan ta aikin kula da kutare a Amanawa tun ƙarshen shekarun 1930, daga cikinta kuma ECWA ta fito a 1954 da baftismar masu bi ta nutsarwa. Katolika ta kafa yankinta na Sakkwato a 1953 a hannun limaman Dominikan daga Amurka, ya zama dayosis a 1964. Anglican ta kafa nata dayosis a 1990, Josiah Idowu-Fearon ne bishop na farko. Littafi ɗaya suke karantawa, wanda cikakkensa ya fito da Hausa tun 1932, amma kowa da tabaran da aka ba shi.

To, a sake ko kada a sake? Katolika da Anglican suna karɓar duk baftismar da aka yi da ruwa cikin sunan Triniti, suna riƙe da "baftisma ɗaya" ta Afisawa 4:5. Baptist da ECWA za su ce ba sakewa suke yi ba, domin a ganinsu abin da aka yi wa jariri bai cika baftisma ba. Kowa yana bin lamirinsa, ya kuma kamata a bayyana wa mutum haka dalla-dalla, ba a ce masa iyayensa bautar gumaka suka kai shi ba. Abin da ba shi da madogara ko kaɗan shi ne wanda ke shiga ruwa duk lokacin da ya sauya coci, ko bayan kowane taron farkawa, ko don ya je ziyara Isra'ila ya ga Kogin Urdun. Wanda ya faɗi bayan baftisma tuba yake bukata, ba sabon wanka ba.

## Biyayya ga wa, kuma a kan me?

A nan ne nake ganin bagadenmu ya fi rauni. Ka saurari wa'azin biyayya na wata shida, ka lissafa abin da aka ambata: zakka, baikon da ake bayarwa a sujada, ɗankwali, wandon mata, makara a sujada, da girmama "uban ruhaniya". Ba cewa nake waɗannan duk banza ba ne. Amma Yesu ya tsawata wa waɗanda ke fid da zakkar ganyen miya suna barin gaskiya da jinƙai da aminci (Matiyu 23:23), Bulus kuma ya ce kowa ya bayar yadda ya ƙudura a ransa, ba da tilas ba (2 Korantiyawa 9:7). Babu inda Sabon Alkawari ya rataya shiga mulkin sama a kan kashi goma.

Dubi abin da Yahaya Mai Baftisma ya ce wa waɗanda suka zo ruwa suna tambaya "me za mu yi?" a Luka 3:10-14. Mai riga biyu ya ba marar riga. Masu karɓar haraji kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade. Sojoji kada su yi ƙwace, kada su yi wa kowa ƙazafi, su gamsu da albashinsu. A garin da benci ke cike da sojoji da 'yan sanda, da ma'aikatan kwastan masu aiki a hanyar Illela, da malaman da ke riƙe da makin ɗalibai, da 'yan kasuwa masu awo, wannan nassi kamar don mu aka rubuta shi. Sau nawa ka ji an yi wa'azinsa da sunayen sana'o'in? Ya fi sauƙi a yi faɗa da ɗankwalin yarinya a kan a taɓa aljihun dattijon da ya saya wa coci janareta.

Biyayya ga shugabanni tana nan a Ibraniyawa 13:17. Amma tana da iyaka, domin manzanni sun ce wajibi ne a bi Allah fiye da mutum, aka kuma yabi mutanen Biriya don suna bincika Nassi su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. In Bulus ya yarda a bincike shi, wane fasto ne ya fi ƙarfin tambaya?

Akwai kuma maƙwabtanmu Musulmi. Kusan kowane Kirista a nan ya taɓa jin tambayar, wani lokaci cikin raha, wani lokaci da gaske: tunda kun ce wani ya ɗauki zunubinku, ashe sai ku yi abin da kuka ga dama? Amsar tana Romawa 6, amma maƙwabci ba Romawa zai karanta ba, bashin da ya ba ka zai duba ko ka biya.

## Ajin baftisma: kafin ruwa da bayansa

A Ayyukan Manzanni ba a jinkiri. Mutum 3,000 a rana ɗaya, Bahabashe a bakin hanya, mai tsaron kurkuku cikin dare. Daga baya, da ikilisiya ta ga masu shigowa ba su san komai ba, ta kafa koyarwa kafin baftisma, a wasu wurare har shekara uku. Ajinmu na yau daga nan ya samo asali, kuma yana da amfani. Matsalar ita ce ya koma jarrabawa.

Na taɓa zama a gefe dattawa suna tantance 'yan aji a wata ikilisiya. Aka kira wata tsohuwa mai tuyar ƙosai, aka ce ta jero littattafan Sabon Alkawari. Ta kai Yahaya ta tsaya, tana murza bakin zanenta. Wani dattijo ya fara rubuta sunanta cikin waɗanda za su jira baɗi. Sai ta ɗaga kai ta ce, "Baba Fasto, ni ban yi boko ba. Amma na san wanda ya mutu domina, na kuma bar abin da nake yi dā. Ruwan ma sai mai karatu?" Faston ya yi shiru, ya ce, "Mama, faɗa mana abin da kika bari." Ta faɗa, ba ta ɓoye ba. Ya karɓi biron daga hannun dattijon ya soke layin.

Matiyu 28:19-20 ta jera abin haka: a almajirtar, a yi baftisma, a koya musu su kiyaye duk abin da aka umarta. Koyarwa mai tsawon tana bayan ruwa. Mu mun juya ta. Muna tsare ƙofa da tambayoyi, ranar baftisma Zumuntar Mata ta yi waƙa, a ɗauki hoto da fararen kaya, a miƙa kati, shi ke nan ba mai sake neman mutum sai ya yi laifin da za a sa shi a horo. Da haka katin ya zama takardar da ake nema idan za a ɗaura aure ko za a ci Jibin Ubangiji, har saurayi ya shiga aji don kawai ranar bikinsa ta matso.

## Inda abin ya fi ciwo

Ga wanda danginsa ba Kirista ba ne, baftisma a ƙasar nan ba biki ba ce. Tana iya raba shi da gida, da gado, da mata. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini har da sauya shi, amma takarda ba ta ba mutum wurin kwana. Yesu ya ce mai gini ya zauna ya yi lissafi tukuna (Luka 14:28). Mai wa'azi na gari ba zai ɓoye wa mutum tsadar abin ba, ba zai tura shi ba, ba zai yi wa ƙaramin yaro a bayan idon iyayensa ba, ba kuma zai ɗora hotonsa a Facebook don a ga aikinsa yana ci gaba ba. Shaidu kaɗan sun isa. Ikilisiyar da ta sa mutum a ruwa kuma ta san ta ɗauki nauyinsa.

Sai mai mata fiye da ɗaya da ya ba da gaskiya daga baya. Coci-cocin da suka fito daga mishan sun daɗe suna hana shi baftisma sai ya sallami sauran ya bar ɗaya. Taron bishop-bishop na Anglican a Lambeth ya tsaya kan hanin a 1888. Bayan shekara 100, a 1988, taron ya sauya: ana iya yi masa baftisma tare da matansa da 'ya'yansa masu bi, muddin ya yi alkawarin ba zai ƙara aure ba, jama'ar cocin wurin sun yarda, kuma ba za a tilasta masa korar kowace mace ba saboda halin da za ta shiga. Wasu ɗariku har yau suna kan matsayin farko, suna tsoron kada sassauci ya zama ƙofa ga waɗanda aka haifa a coci su ƙara aure. Tsoron yana da dalili. Sai dai wanda aka haifa cikin koyarwar ya take ta daban yake da wanda bishara ta tarar da shi da iyalinsa. Kuma duk dattawan da za su ce wa irin wannan mutum ya sallami mace kafin ya shiga ruwa, sai su fara amsa wa kansu gidan wa za ta koma, wa zai ciyar da 'ya'yanta, da kuma abin da za a ce mata idan ta tambayi laifin da ta yi.